Kafin A Buɗe Rumbun: Fina-finan Zombi Da Abin Da Ya Sami Fim Ɗin Ƙanina

Ga shirinmu na wannan mako. Kamar kullum, mun ɗora shi a rubuce saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba. Daga Kademi nake magana, a ƙaramar hukumar Gaya.

Yau mun ajiye maganar taki da katin zaɓe a gefe. Maganar fim za mu yi, fina-finan nan masu dogon zango na zombi. Na san wani zai ce, kai da ka saba yi mana maganar ci gaban matasa, me ya kai ka wajen dodanni? Ku ɗan ba ni lokaci za ku ji dalili. Sannan ina gargaɗi tun yanzu: zan faɗi abubuwan da suka faru a cikin The Walking Dead da Kingdom da All of Us Are Dead. Wanda bai kalla ba kuma ba ya so a ɓata masa, ya tsaya a nan, ya dawo daga baya.

Ina da ƙani, shekararsa 19. Shi da abokansa biyar suka ƙudiri aniyar yin nasu fim mai dogon zango da waya, su ɗora a YouTube. Ba da wasa suka yi ba. Ƙanin nawa kuɗin gyaɗar da ya noma da hannunsa ya zuba, wani daga cikinsu ya sayar da akuyarsa suka sayi ƙaramar makirfo da sandar riƙe waya. Labarin: wata cuta ta shigo ƙauye, tana mayar da mutane zombi. Suka shafa toka a fuska, suka dama zoɓo da sitaci ya zama jini, suka yi sati uku suna ɗauka a bayan gari.

Ranar da suka gama kashin farko, suka kai shagon cajin waya, inda ake tura wa mutane fim, aka jona a talabijin. Yara da samari sun kai talatin. Ina tsaye daga baya. Fim na farawa, ko minti ɗaya ba a yi ba, sai ga zombi guda takwas sun fito da gudu daga bayan wani kango. Aka yi ta gudu, ana ihu, ana faɗuwa, ana tashi. Minti goma sha biyar cur ana abu ɗaya. A minti na biyu wani yaro ya ce, "La, ga wane can, ɗan gidan mai shayi!" Sai wuri ya kece da dariya. Daga nan har aka gama dariya ake yi.

Da daddare ƙanina ya same ni a zaure, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, mun sa dodanni da yawa, mun sa jini, mun sa gudu. Me ya sa suka yi dariya?" Wanda ya sayar da akuya kuma har ya fara cewa a biya shi kuɗinsa. To, amsar da na yi ta nema wa wannan tambaya ita ce shirinmu na yau.

Da farko, ga waɗanda ba su saba ba: zombi a fim shi ne mutumin da ya mutu ko cuta ta cinye masa hankali, amma jikinsa yana tafiya yana neman ya ciji masu rai, wanda ya ciza kuma ya zama irinsa. Kalmar ta yi suna ne daga ƙasar Haiti, amma irin wanda muke gani yanzu, mai cin naman mutane, ya samo asali daga fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead. Mu dai mun san ƙirƙira ce kawai, mamaci ba ya tashi sai ranar da Allah Ya tashe shi. Abin da ya dame mu a nan shi ne yadda masu labarin suke riƙe mutum har ya manta abincinsa yana hucewa.

Ku lura da wani abu. Zombin The Walking Dead ba shi da sauri, ba shi da dabara, ba ya riƙe makami. Tsohuwa mai sanda ma idan ta dage za ta tsere masa. Amma fim ɗin ya fara a tashar AMC ta Amurka ranar 31 ga Oktoba 2010, ya yi zango 11, kashi 177, bai ƙare ba sai Nuwamban 2022. Ta yaya dodon da ke jan ƙafa ya riƙe mutane shekara goma sha biyu? Ni abin da na fahimta shi ne, dodo ba ya ban tsoro sai an jira shi. Jiran nan shi ne sana'ar gaba ɗaya.

Ku tuna kashin farko. Rick Grimes ɗan sanda ne, an harbe shi, ya farfaɗo a asibiti babu kowa. Furannin da aka ajiye masa sun bushe, agogon bango ya tsaya. Ya fito yana jan jiki, ya tarar da wata ƙofa an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, an rubuta gargaɗi a jiki kada a buɗe. Ƙofar ta fara motsi, yatsu suka leƙo ta tsakani. Ba a nuna mana fuskokinsu ba. Daga nan ya shiga matakalar bene, duhu ƙirin, yana kunna ashana ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda ashana ta mutu sai ka ji cikinka ya ɗuri ruwa, kana cewa yanzu idan ya kunna wata zai ga fuska a gabansa. Kun san me ya fito a matakalar nan? Ba komai. Ya sauka lafiya ya buɗe ƙofa ya fita. Amma ni wallahi wurin nan ya fi tsorata ni a kan duk wani wurin da aka tara zombi ɗari.

Ƙanina da abokansa sun ba mutane dodo kafin su ba su dalilin jin tsoronsa. Ba mu san waɗanda ake kora ba, ba mu san iyayensu ba, ba mu san abin da za su rasa ba. Idan ba ka damu da wanda ake bi ba, abin da ya rage maka shi ne ka gane cewa mai bin nasa ɗan gidan mai shayi ne.

Akwai wani tsohon darakta ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, da ya yi bayanin wannan tun a shekarun 1960 da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Bari na mayar da shi namu. A ce mutum biyu suna zaune a kan tabarma suna hirar farashin masara, kwatsam maciji ya sari ɗaya. Mai kallo zai firgita na daƙiƙa kaɗan, shi ke nan. Amma a ce tun farko an nuna maka kububuwa ta shige ƙarƙashin tabarmar, su ba su gani ba, sannan suka zo suka zauna. Yanzu hirar masarar nan ta zama wani abu daban. Duk sanda ɗaya ya gyara zama sai ka ji kamar ka yi masa ihu. Hirar ɗaya ce, macijin ɗaya ne. Bambancin kawai, ka san abin da ba su sani ba, kuma ka san lokaci yana tafiya.

Fim ɗin da na ga ya fi iya wannan shi ne Kingdom na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a Netflix a Janairun 2019. Wata mata ce ta rubuta shi, Kim Eun-hee. Labarin zamanin sarakuna ne, zamanin daular Joseon, bayan yaƙi, ana fama da yunwa. Sarki ya mutu, amma sarauniya da mahaifinta suka sa aka tashe shi da wani tsiro, suka ɓoye shi a fada yana dodo, don kada sarauta ta koma hannun yarima kafin ita ta haihu. A can kudu kuma, a wani gidan jinya na talakawa, yunwa ta sa aka dafa wa marasa lafiya naman gawar da sarkin ya ciza, ba tare da sun sani ba. Daga nan cuta ta ɓarke.

Dabarar da marubuciyar ta yi ita ce ta ba dodannin agogo. Da rana suna shigewa inuwa su kwanta kamar gawa, rana na faɗuwa su tashi. To sai jami'an gari suka zo suka tarar da gawarwaki jibge, suka kwashe su da rana tsaka suka kai cikin gari don a yi bincike. Waɗanda suka san gaskiya suna roƙo a ƙona su ko a gudu, manya suna cewa ƙarya ne. Kai mai kallo ba abin da kake dubawa sai rana. Inuwa tana tsawo, la'asar ta yi, rana ta yi ja. Babu dodo ko ɗaya da ke motsi, amma ba ka iya tashi ka sha ruwa. Wannan ita ce kububuwar ƙarƙashin tabarma.

Kuma da ka saba da wannan doka, ka fara samun natsuwa duk sanda gari ya waye, sai aka karya ta a ƙarshen zangon farko. Mutane sun kwana a shirye suna jiran hari, ba a zo ba, alfijir ya keto, suka fara sauke numfashi. Sai ga dodanni da safe. Ashe ba hasken rana suke gudu ba, zafi suke gudu, kuma hunturu ya shigo. Ku lura, ba a yaudare mu ba. Dokar tana nan, mu da mutanen cikin fim ne muka fahimce ta ba daidai ba. Kuma duk wannan a kashi 6 kacal aka yi shi.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi muhimmanci a wurina. Jira iri biyu ne. Akwai wanda ake biyan ka a ƙarshensa, akwai wanda ake cin kuɗinka kawai. The Walking Dead ya yi duka biyun, shi ya sa yake da daɗin koyarwa.

Zango na 2, a 2011. Wata yarinya, Sophia, ta ɓace a daji tun a kashin farko. Jama'ar Rick suka sauka a gonar wani dattijo likitan dabbobi, Hershel, suna fita neman ta kullum. Masu kallo da yawa a lokacin sun yi ƙorafi cewa fim ya tsaya cik, magana ta yi yawa, ana ta zaga gona. Ni ma da na kalla na ƙosa a wasu wurare, ba zan ɓoye ba. Amma a gonar nan akwai wani ƙaton rumbu na katako a kulle. A kashi na 5 aka nuna mana cewa cike yake da zombi. Dattijon ya tara su ne don yana ganin marasa lafiya ne, har da matarsa a ciki, yana fatan za a samo magani. Mutane na kwana a tanti kusa da shi da 'ya'yansu. A kashi na 7, Shane, wanda haƙurinsa ya ƙare, ya fasa ƙofar, suka harbe duk abin da ya fito a gaban dattijon yana durƙushe. Aka yi tsit. Sai aka ji wani ƙaramin motsi daga ciki. Sophia ce ta fito, ta riga ta zama zombi. Duk kwanakin nan da ake wahalar neman ta, tana nan a bayansu. Uwarta ta ruga, aka riƙe ta. Shane mai zafin kai ya kasa ɗaga bindiga, Rick ne ya tako ya yi abin da ya zama dole.

Ka ga wannan jira an biya shi. Kashi bakwai ɗin da ka yi kana bin sawun yarinyar su ne suka ba minti biyun nan nauyi. Da a kashi na biyu aka same ta, da ba za ka ji komai ba.

Sai zango na 6. A kashi na 3, Oktoban 2015, aka nuna Glenn, wanda mutane ke ƙauna tun zangon farko, ya faɗo daga kan wani ƙaton akwatin shara cikin taron zombi, aka nuna ana yagar hanji. Har sunan ɗan wasan aka cire daga jerin sunaye na farkon fim. Bayan sati huɗu aka ce ai bai mutu ba, gawar wani ce a kansa, shi ya shige ƙarƙashin akwatin. To, mutane suka haɗiye. Sai ƙarshen zangon, Afrilun 2016. An yi ta ambaton wani mugu, Negan, ana jan rai. Ya fito, ya durƙusar da su a layi, yana riƙe da kulki naɗe da waya mai ƙaya, ya zaɓi ɗaya ya fara duka. Sai kyamara ta koma idon wanda ake duka, allo ya yi baƙi. Ba a nuna ko wane ne ba. Aka ce ku jira sai Oktoba. Sama da wata shida!

Mutane sun dawo kuwa. Wajen miliyan 17 ne suka kalli kashin farko na zango na 7 a Amurka a daren da aka nuna shi, suka ga Abraham da Glenn ne aka kashe. Amma satin da ya biyo baya adadin ya sauko zuwa wajen miliyan 12 da rabi, kuma fim ɗin bai sake komawa inda yake ba har ya ƙare. Dalilan suna da yawa, wasu munin kisan ne ya kore su. Amma a ganina akwai maganar amana. A rumbun Hershel, mutanen cikin labarin ba su san inda yarinyar take ba, mu ma ba mu sani ba, tare muka gano. A layin Negan kuwa, duk wanda ke wurin ya ga wanda aka kashe, mu kaɗai aka rufe wa ido, kuma mun san don a dawo da mu ne aka yi. Daga ranar da mai kallo ya gane ana wasa da shi, ko ka kawo masa tsoro na gaske sai ya ce wata dabarar ce.

Wani zai ce, to ai akwai na masu gudu, kamar All of Us Are Dead na Koriya da ya fito a Janairun 2022, kashi 12, a makarantar sakandare. Gaskiya ne, zombinsu suna gudu kamar an saki karnuka. Ƙanina ma shi ya kwaikwaya. Amma ku sake kallo da kyau. Gudun ba ya daɗewa. Ana gudu minti biyu ko uku, a shige aji a tokare ƙofa da tebura, sai a zauna. A zaman nan ne ake tambayar ina za a sami waya, ina za a sami ruwa, har da ina za a kewaya, suka haɗa bayan gida na wucin gadi. Kuma wurin da ya fi tsaya min a rai babu zombi a ɗakin. Wani yaro talaka, Gyeong-su, ya ji ɗan rauni a hannu. Wata 'yar masu kuɗi, Na-yeon, wadda dama ta raina shi, ta dage cewa cizo ne. Aka keɓe shi a wani ɗaki ana duba agogo, lokaci ya wuce bai canza ba. Sai ta shiga kamar za ta ba shi haƙuri, ta goge masa raunin da hankicin da ta shafa wa jinin zombi. Don kawai kada a ce ta yi ƙarya. Dodon da ke waje yana buga ƙofa ne kawai, aikin da yake yi shi ne ya kulle mutane a ɗaki ɗaya har halin kowa ya fito.

To, da na gama zayyana wa ƙanina duk wannan, sai ya ce, "Yaya, su ai suna da kuɗi." Na ce masa ashana nawa ce? Faɗuwar rana nawa ake sayar da ita? Kuma mu wannan ilimin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa ganin Netflix ba, amma idan ta ce ga ta nan ga ta nanku, ba ta fito da dodo a farko. Sai ta gaya maka yarinyar, da kishiyar uwarta, da rijiyar da aka hana zuwa. Dodo zai yi kira daga nesa, ta rage murya. Ya sake kira daga bayan gari. Na uku yana bakin ƙofa. A nan sai ta tsaya ta gyara fitila, ko ta ce a miƙo mata ruwa, mu kuma mun cure wuri ɗaya kamar 'yan tsaki. Ta san daidai tsawon shirun da za mu iya ɗauka, kuma ba ta taɓa cewa ku je sai bayan wata shida ba. A daren take ƙurunƙus.

Sannan muna da abin tsoro namu na gaske da ya fi toka da zoɓo. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san mahaukacin kare. Ya san cizon ba ya nuna kansa nan take, yakan ɗauki makonni ko watanni, raunin ma ya warke, sannan ciwon ya bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa. Kuma idan alamun suka fito, da wuya ƙwarai a tsira. Abin da ke ceton rai shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa sosai nan take, a garzaya asibiti a fara allura tun kafin komai ya nuna. Yanzu ku ɗauki yaron da kare ya ciza a ƙafa, ya ɓoye saboda an hana shi zuwa wurin da abin ya faru, yana tsoron dukan babansa. Mu mun gani, uwarsa ba ta gani ba. Yana zaune yana cin tuwo da 'yan uwansa, wando ya rufe ciwon. Wace kububuwa ce ta fi wannan?

Kuma mun san kulle. A Afrilun 2020 aka rufe Kano saboda korona, ga azumi ya kama, ga labarin mace-mace na fitowa daga birni, kowa na kiran ɗan uwansa a waya yana tambaya. A nan gefenmu abin da na fi tunawa shi ne shiru da jita-jita. Wanda ya dawo daga birni ana gaishe shi daga nesa ana jin kunyar hakan. Ba mu ga komai da ido ba, amma mun kwana da fargaba. Na ce wa ƙanina, ka tuna yadda ka ji a lokacin? Shi za ka ɗauka. Ka sa a ce an rufe gadar Wudil, motar da ta tafi kasuwar Juma'a ba ta dawo ba, magariba ta yi. Ka kai kyamararka gonar dawa a ƙarshen damina, lokacin da kara ya fi mutum tsawo, ka sa ganye ya motsa can gaba, kada ka nuna abin da ya motsa shi.

Wannan magana ba ta tsaya kan masu yin na dodanni ba. Fina-finanmu masu dogon zango sun samu karɓuwa ƙwarai, tun daga Daɗin Kowa na Arewa24, zuwa Labarina na Malam Aminu Saira da Izzar So da suka ɗauki hankalin jama'a a 2020. Sun nuna cewa Bahaushe zai jira sati guda cur don ya ga ci gaban labari. Amma a bayansu an sami ɗaruruwa a YouTube, kuma wasu, ba zan kama suna ba, sun ɗauka tsawo shi ne daɗi. Mota za ta zo, a yi hon, maigadi ya taso, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe na biyu, ta shiga, a yi fakin, a fito, a gaisa, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar sun tafi, babu abin da ya canza. A ƙarshen kashin kuma a sa wani ya buɗe baki zai faɗi sirri, a yanke. Sati mai zuwa ka dawo, sai waya ta yi ƙara, ya fasa faɗa. Ɗan uwa, datar nan da kuɗi ka saya. Wasunmu sai sun yi wunin ƙwadago kafin su sa ta. Kana da haƙƙin ka tambaya, wannan jiran da aka sa ni, akwai wani abu a cikin rumbun, ko fanko ne?

Ga yadda nake gwadawa, kuma kowa zai iya. Idan ana tafiya a hankali, tambayi kanka abu uku. Na damu da wani a wurin nan? Na san wani haɗari da ke matsowa? Bayan an gama, wani abu ya canza da ba zai koma yadda yake ba? Idan amsar uku ɗin e ce, ko hirar masara ake yi za ka zauna. Idan a'a ce, ko zombi dubu ke gudu, barci za ka yi, ko ka yi dariya.

To me ya faru da su ƙanina? Sun yi rigima, biyu sun janye, amma mai akuya ya tsaya, ya ce tunda ta riga ta tafi gara a ga ƙarshen abin. Sun sake rubuta kashin farko. Minti goma ne yanzu, kuma babu dodo ko ɗaya a ciki. Yaro ne ya dawo daga gona yana ɗingishi, ya wanke ƙafarsa a ɓoye a bayan rumbu, ya shigo aka zuba masa abinci. Babarsa ta tambaye shi me ya sami wandonsa, ya ce ƙaya ce. Can waje ana ta hayaniya an ce an kashe wani kare.

Shekaranjiya suka gwada nuna wa yaran gidanmu a waya. Sautin bai fita sosai ba, iska ta shiga makirfo, kuma wanda ya fito a uban yaron ya leƙi kyamara sau biyu. Aiki na nan gaba da yawa, kuma ban yi musu alkawarin za su mayar da kuɗin akuya ba. Amma ba wanda ya yi dariya. Da aka zo wurin da uwar ta juya za ta fita, sai 'yar yayarmu mai shekara takwas ta daka wa wayar tsawa, ta ce, "To ka gaya mata mana!" Ƙanina ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba.

A nan za mu dakata yau. Ku faɗa mana, wane wuri ne a fim, namu ko na waje, ya taɓa sa ku riƙe numfashi alhali ba abin da ke faruwa? Kuma wane fim ne ya ja muku rai har kuka yi fushi kuka daina? Matasan Gaya da Ajingi masu sha'awar wannan harka, musamman wanda ya iya gyaran sauti, yaran nan suna neman taimako. Sannan don Allah, maganar cizon kare ba ta fim ba ce. Idan ya faru, a wanke, a tafi asibiti a ranar, kada a jira.